Ranar da Ohtani Ya Kafa Tarihin 50/50: Yadda Ake Karanta Alƙaluman Wasan Besbol

Shin wasan da Shohei Ohtani ya buga a birnin Miami ranar 19 ga Satumba, 2024, shi ne mafi kyawun wasan da wani ɗan besbol ya taɓa bugawa, ko kuwa alƙaluman ne suka fi aikin girma? Wannan ita ce tambayar da masu bibiyar wasan a Amurka da Japan suke ta muhawara a kanta tun daga wannan rana. A ranar, ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ta lallasa Marlins ta Miami da ci 20 da 4, shi kuma Ohtani, ɗan ƙasar Japan da ke buga wa Dodgers, ya zama mutum na farko a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, da ya haɗa homran 50 da satar zango 50 a kakar wasa guda. Labarin ya kai har kunnen waɗanda ba su taɓa kallon besbol ba, sai dai abin da ya iso wa yawancin mutane jerin lambobi ne kawai: shida cikin shida, homran uku, RBI goma, sata biyu. Wanda bai san abin da kowace lamba take aunawa ba, ko dai ya yi ta yabo a makance, ko kuma ya ɗauka zuzutawa ce irin ta kafofin watsa labarai. Lambobin nan duka gaskiya ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wasu na ɗan wasan ne shi kaɗai, wasu akwai hannun abokan wasansa a ciki, wasu kuma dokokin zamani da halin da abokan hamayya suke ciki ne suka share musu hanya.

Yadda ake cin maki a besbol

Ƙungiyoyi biyu ne ke karawa, ana kuma raba wasan zuwa turmi tara. A kowane turmi, kowace ƙungiya tana samun damar bugu sau ɗaya, sannan ta koma tsaron fili sau ɗaya. Ba kamar ƙwallon ƙafa ba, babu agogon da ke tashin wasa. Damar bugu tana ƙarewa ne idan masu tsaro suka fitar da mutum uku, saboda haka kowace ƙungiya tana shiga wasa da fitarwa 27, kuma wannan shi ne jarinta, wanda duk dabarun wasan suke komawa ga yadda za a tattala shi.

Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, nisan mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da ƙarfi, shi kuma mai bugu ya yi ƙoƙarin kai mata sanda. Filin yana da kusurwa huɗu, tsakanin kowace da mai bi mata ƙafa 90: zangon farko, na biyu, na uku, sai gida, wato inda mai bugu ya fara tsayawa. Maki ɗaya yana samuwa ne idan ɗan wasa ya bi zangunan nan uku ya dawo gida ba tare da an fitar da shi ba. Ana fitar da mai bugu idan jifa uku na ƙa'ida suka wuce shi, ko aka cafke ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko kuma ƙwallon ta riga shi isa zangon farko. Idan kuwa mai jifa ya kauce wa inda doka ta tanada har sau huɗu, kuma mai bugu bai kai wa jifan sanda ba, to, an ba shi zangon farko kyauta.

Homran shi ne a buga ƙwallo ta tsallake katangar ƙarshen fili ta gaba. Idan haka ta faru, mai bugun da duk wanda yake tsaye a kan zango za su ƙarasa gida, don haka bugu ɗaya yana iya kawo maki ɗaya zuwa huɗu. Satar zango kuwa ita ce mai gudu ya bar inda yake tsaye ya ruga zango na gaba a daidai lokacin da mai jifa yake sakin ƙwallo, ba tare da ya jira an buga ta ba. Idan mai cafke ƙwallo da ke tsugune a bayan mai bugu ya aika ta aka taɓa mai gudun kafin ya isa, an fitar da shi, ƙungiyarsa ta yi asarar ɗaya daga cikin 27 ɗin nan, ta kuma rasa mutumin da ta riga ta ɗora a kan zango.

Abin da ya faru a fili, turmi bayan turmi

Ohtani ya shiga wasan yana da homran 48 da sata 49, kuma shi ne na farko a jerin masu bugun Dodgers. A turmin farko ya buga wa mai jifan Marlins, Edward Cabrera, ƙwallon da ta kai shi zango na biyu, daga nan ya saci na uku, sata ta 50 ke nan, sannan ya ƙarasa gida. A turmi na biyu ya yi bugun da ya kai shi zangon farko ya kuma shigar da abokin wasansa ɗaya gida, sai ya saci zango na biyu, ta 51. A turmi na uku ya sake yin bugu mai nisa wanda ya shigar da mutum biyu, amma da ya wuce zango na biyu ya nemi kaiwa na uku, sai ƙwallo ta riga shi aka fitar da shi. Wannan ne kawai kuskurensa a ranar, kuma abin lura shi ne ba ya bayyana a cikin "shida cikin shida" ɗin da aka yi ta yaɗawa, domin a ƙa'idar rubuta sakamako bugun ya riga ya ci tun da ya isa zango na biyu lafiya.

Daga nan sai homran suka biyo baya. A turmi na shida ya buga na 49 a kan jifan George Soriano, wanda ya daidaita shi da tarihin ƙungiyar Dodgers da Shawn Green ya kafa a 2001. A turmi na bakwai ya buga na 50 a kan jifan Mike Baumann, ƙwallon ta tsallake katangar ɓangaren hagu, wanda ga mai bugu da hagu irin Ohtani shi ne ɓangaren da ya fi wuyar aika ƙwallo da nisa. Kowanne daga cikin biyun nan ya kawo maki biyu. A turmi na tara ya ƙara na 51 mai maki uku, a kan jifan Vidal Bruján, mutumin da asalinsa ba mai jifa ba ne, ɗan tsaron fili ne da aka ɗora a tudu domin a hutar da masu jifa na ainihi tunda wasa ya riga ya kuɓuce.

Nasarar ranar ce kuma ta tabbatar wa Dodgers gurbi a wasannin fitar da zakara, abin da Ohtani bai taɓa samu ba a shekara shida da ya yi a ƙungiyar Angels. Filin ma yana da tarihi a wurinsa, domin a nan ne a watan Maris na 2023 ya fitar da Mike Trout da jifan ƙarshe, Japan ta doke Amurka da ci 3 da 2 ta ɗauki kofin duniya na besbol.

Wace lamba ce ta ɗan wasa, wace ce ta jama'a?

Bayan kowane wasa ana buga ɗan jadawali mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da ginshiƙan lambobi, al'adar da ake dangantawa da ɗan jarida Henry Chadwick tun tsakiyar ƙarni na 19. A layin Ohtani na ranar, ginshiƙin AB yana ɗauke da 6, wato sau nawa ya tsaya bugu aka ƙidaya masa. Ginshiƙin H shi ma 6, wato sau nawa bugunsa ya kai shi zango lafiya. Don a gane girman wannan, sai a san cewa a kakar 2024 matsakaicin ɗan wasan MLB yana cin nasara ne a ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na tsayuwarsa, abin da ake rubutawa .243. Shi kansa Ohtani ya gama kakar da .310, wato bugu 197 da suka ci a tsayuwa 636, kuma tun bayan Ted Williams da ya yi .406 a 1941 ba a sake samun wanda ya kai .400 a cikakkiyar kakar manyan rukunai biyu na MLB ba, wato American League da National League. Besbol wasa ne da gwani ma yake faɗuwa sau bakwai cikin goma, shi ya sa shida cikin shida ba ƙaramin abu ba ne.

Lambar da ta fi ɗaukar hankali, RBI goma, ita ce kuma ta fi bukatar a yi mata karatun natsuwa. RBI tana ƙidaya makin da ya shigo ta dalilin bugun mutum. A cikin goman nan, uku shi da kansa ne ya ƙarasa gida bayan homran. Sauran bakwai ɗin abokan wasansa ne waɗanda suka riga suka sama wa kansu wuri a kan zango kafin ya zo. Tunda shi ne na farko a jeri, waɗanda ke gabansa idan jerin ya zagayo su ne na ƙasan jeri, waɗanda galibi ba su ne manyan masu bugu ba, kuma a wannan rana sun yi ta hawa zango. Da a ce ya yi bugun nan shida daidai yadda ya yi su amma babu kowa a kan zango, da RBI ɗinsa uku ne kacal, alhali aikin hannunsa bai ragu da komai ba. Misalin Shawn Green ya isa hujja: a ranar 23 ga Mayu, 2002, a Milwaukee, shi ma ya yi shida cikin shida, da homran huɗu ba uku ba, amma RBI bakwai ya samu. Tarihin RBI a wasa guda kuwa 12 ne, wanda Jim Bottomley ya kafa a 1924, Mark Whiten ya maimaita a 1993.

Ginshiƙin R, wato sau nawa shi kansa ya isa gida, ya nuna 4, kuma a nan ma ɗaya daga ciki sai da wani ya yi bugun da ya ƙarasar da shi. Lambar da ta fi kusa da zama tasa shi kaɗai ita ce jimillar zangunan da sandarsa ta ba shi: biyu, ɗaya, biyu, sannan huɗu sau uku, jimilla 17. Wannan adadi babba ne ƙwarai, amma bai kai 19 da Green ya tara a Milwaukee ba.

Saboda irin wannan cakuɗuwa ne masu nazarin alƙaluma, waɗanda Bill James ya yi wa jagaba tun daga shekarun 1970, suka karkata ga wasu ma'aunai. OBP tana auna sau nawa mutum yake hawa zango ta kowace hanya, har da zangon kyauta, domin duk wanda bai bari an fitar da shi ba ya tsare wa ƙungiyarsa jari. SLG tana auna zango nawa yake samu a kowace tsayuwa. Idan aka haɗa biyun sai a sami OPS. Ohtani ya gama 2024 da .390 da .646, jimilla 1.036, kuma a ganina waɗannan sun fi RBI 130 da ya tara faɗin gaskiyar abin da ya yi a kakar.

Me ya sa 50/50 ta gagari kowa fiye da shekara ɗari?

Ƙarfin bugu da saurin gudu ba safai suke haɗuwa a jiki ɗaya ba. Masu homran da yawa galibi manyan mutane ne masu nauyi, masu satar zango kuwa sirara ne marasa ƙarfin aika ƙwallo bayan katanga. Ban da haka, aikin biyu suna cin juna: duk homran da mutum ya buga ya rage masa damar sata ɗaya, tunda ya wuce zangunan gaba ɗaya bai tsaya a ko'ina ba. Sannan mai horarwa ba ya son ganin babban mai bugunsa yana zamewa a ƙasa yana miƙa yatsu da kafaɗa ga rauni saboda ƙafa 90.

Alƙaluman tarihi sun tabbatar da haka. Kafin Ohtani, mutum biyar ne kawai suka haɗa 40 da 40: José Canseco a 1988, Barry Bonds a 1996, Alex Rodríguez a 1998, Alfonso Soriano a 2006, sai Ronald Acuña Jr. a 2023, wanda ya yi homran 41 da sata 73. A cikin duk waɗanda suka taɓa buga homran 50 a kaka guda, babu wanda satarsa ta wuce 24 a wannan kakar, adadin da Willie Mays ya yi a 1955 da Rodríguez a 2007. Bonds da Brady Anderson kowannensu ya taɓa kai 50 a homran, ya kuma taɓa wuce 50 a sata, amma a shekaru daban-daban, bayan jiki da salon wasa sun sauya. Ohtani ya ƙare kakar da homran 54 da sata 59, wato ya ninka tsohon adadin 24 fiye da sau biyu.

Akwai wata lamba da ba ta shiga kanun labarai ba, wadda ni a wurina ita ce mafi daraja: sau huɗu kawai aka kama shi a duk kakar. Masu lissafi sun daɗe da nuna cewa sata ba ta da riba sai idan mutum yana tsira a kusan uku cikin kowane yunƙuri huɗu, domin asarar kamu ɗaya ta fi ribar sata ɗaya yawa. Wanda ya saci 50 aka kama shi sau 25 ya fi cutar da ƙungiyarsa a kan amfanar ta, ko da sunansa ya shiga tarihi. Ohtani ya tsira a 59 cikin 63, sama da kashi 93 cikin ɗari, wanda ke nuna cewa ba gudun neman suna ya yi ta yi ba, yana karanta motsin mai jifa ne yana zaɓen lokaci.

Abubuwan da suka haɗu a shekarar 2024

Abu na farko shi ne rauni. An san Ohtani da haɗa jifa da bugu, abin da ba a ga irinsa a wannan mataki ba tun zamanin Babe Ruth, amma a watan Satumba na 2023 aka yi masa aiki a gwiwar hannunsa na dama, don haka bai yi jifa ko ɗaya ba a 2024. Ƙarfin da yake kashewa a tudun jifa sai ya koma ga ƙafafunsa. Kafin wannan kaka, mafi yawan satar da ya taɓa yi a shekara 26 ce, a 2021.

Na biyu shi ne gurbin mai bugu zalla, wato ɗan wasan da ba ya fita tsaron fili, bugu kawai yake yi. Rukunin National League da Dodgers take ciki bai karɓi wannan tsari dindindin ba sai a 2022. Da babu shi, da mutumin da hannunsa bai warke ba ba shi da wurin tsayawa a kowace rana, balle ya buga wasa 159 cikin 162.

Na uku, kuma wanda ya fi jawo gardama, shi ne sauyin dokokin 2023. An sa wa mai jifa agogo, an ƙara faɗin zangunan daga inci 15 zuwa 18, wanda ya rage tazarar zangon farko da na biyu da inci huɗu da rabi, sannan aka taƙaita yawan jifan da mai jifa zai yi zuwa zango don tsare mai gudu: sau biyu a kan kowane mai bugu, idan ya yi na uku bai fitar da shi ba, mai gudun ya samu zango na gaba kyauta. Sakamakon ya fito nan take, domin jimillar sata a gasar ta tashi daga ƙasa da 2,500 a 2022 zuwa sama da 3,500 a 2023. Sai kuma wani abu da ya faru a tsakiyar kaka: Mookie Betts ya karye a hannu a watan Yuni, aka matso da Ohtani zuwa kan jeri, inda tsayuwar bugu ta fi yawa, damar gudu ma ta fi yawa.

Masu yabo da masu cewa a bi a hankali

Masu cewa a rage zuzutawa suna da hujjoji na gaske. Marlins ta gama kakar da nasara 62 da rashin nasara 100, tana cikin ƙungiyoyi mafi rauni a gasar, yayin da Dodgers ta yi nasara 98. Homran na ƙarshe an buga shi ne a kan wanda ba mai jifa ba, kuma doka ba ta barin ƙungiyar da ake ci ta yi haka a cikin turmi tara sai idan tazarar ta kai maki takwas, wanda ke nuna cewa makin ukun nan ba su sauya komai ba. Hatta na 50 ya zo ne lokacin da Dodgers ta riga ta yi nisa. Suna kuma cewa mai horar da Marlins na lokacin, Skip Schumaker, yana da ikon ba shi zangon farko da gangan don kada a kafa tarihi a kansu, amma ya ƙi, ya bayyana daga baya cewa yin haka bai dace da martabar wasan ba. Ni kam ina ganin Schumaker ya kyauta, kuma barin mai jifa ya fuskanci mai bugu bai rage komai daga bugun ba, domin Baumann mai jifa ne na ainihi da ya yi iya ƙoƙarinsa.

Hujja ta biyu ta shafi kakar gaba ɗaya. Akwai ma'aunin da ake kira WAR, wanda ke ƙiyasta yawan nasarorin da ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiyarsa idan aka kwatanta shi da ɗan cike gurbi da za a iya ɗaukowa daga ƙaramar gasa. Yana haɗa bugu da gudu da tsaro, yana kuma rage wa mai bugu zalla maki saboda ba ya tsaron fili. A wannan ma'auni Ohtani ya samu kusan 9 a 2024, Aaron Judge na Yankees kuwa, wanda ya buga homran 58 da OPS 1.159 yana kuma tsaron tsakiyar fili, ya samu kusan 11. WAR ƙiyasi ne ba ƙidaya ba, shi ya sa shafukan Baseball-Reference da FanGraphs suke fitar da adadi mabambanta ga mutum ɗaya, amma dukansu sun sa Judge a gaba.

Masu yabo kuwa amsarsu mai sauƙi ce kuma mai ƙarfi: sabuwar dokar kowa ta shafa. Elly De La Cruz na Cincinnati ya fi Ohtani sata a shekarar, 67, amma homran 25 ya buga. Judge ya fi shi homran, amma satarsa 10 ce. Ohtani ne na biyu a duka jerin biyu a gasar da ke da ƙungiyoyi 30, kuma 'yan jaridar da ke zaɓen gwarzon National League sun ba shi dukkan ƙuri'un farko, karo na farko da mai bugu zalla ya samu wannan kambi.

Hukuncina shi ne a raba abu biyu da aka cakuɗa. Haɗa 50 da 50 aikin wata shida ne, kuma ya cancanci duk yabon da aka yi masa. Amma kiran wasan Miami mafi kyau a tarihi ya yi nisa, domin shi kansa Ohtani ya buga wanda ya fi shi. A ranar 17 ga Oktoba, 2025, a wasa na huɗu na neman zakaran National League da Brewers ta Milwaukee, ya buga homran uku, ya kuma yi jifa turmi shida har ya shiga na bakwai ba a ci shi maki ko ɗaya ba, ya fitar da mutum goma da jifa, Dodgers ta ci 5 da 1 ta wuce zuwa World Series, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran MLB. RBI ɗinsa a ranar uku ne kawai, amma abokan hamayya ƙwararru ne, kuma kowane maki yana da tasiri.

Inda alƙaluma ke zama kuɗi

Lambobin nan ba a takarda suke tsayawa ba. A watan Disamba na 2023 Dodgers ta ba Ohtani kwantiragin dala miliyan 700 na shekara goma, wanda aka jinkirta biyan miliyan 680 daga ciki zuwa tsakanin 2034 da 2043. Ga sauran 'yan wasa, waɗanda mafi ƙarancin albashinsu a 2024 dala 740,000 ne, alƙaluma su ne hujjar da ake gabatarwa a gaban masu sasanci idan ɗan wasa da ƙungiyarsa suka kasa daidaitawa a kan albashi, don haka lambar da abokan wasa suka taimaka aka tara, irin RBI, tana iya ƙara wa wani kuɗi ta tauye wani da ke ƙungiya mai rauni. Ƙwallon homran na 50 kuwa an sayar da ita a gwanjo a kan kusan dala miliyan 4.4, ta wuce dala miliyan uku da aka biya a 1999 a kan ƙwallon homran na 70 na Mark McGwire, kuma 'yan kallon da suka yi kokawar ɗaukarta sun kai juna kotu. A Japan, inda wasan ya zo da safiyar 20 ga Satumba, jaridu sun buga fitowa ta musamman ana rabawa a kan titi, sannan MLB ta buɗe kakar 2025 a Tokyo da wasan Dodgers da Cubs.

Ɓangaren da ya fi taɓa mai ƙaramin ƙarfi shi ne caca. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni a 2018, kamfanoni suka rinƙa tallata caca a kan lambobin ɗan wasa ɗaya a wasa ɗaya, kamar ko zai buga homran yau. Rana irin ta Miami tana ruɗin mutum ya ɗauka abin yana da tabbas, alhali a kakar da ya fi kowace haskawa Ohtani bai buga homran ba a kusan biyu cikin kowane wasa uku. Masifar ta shiga har gidansa, domin tafintansa Ippei Mizuhara ya amsa laifin sace masa kusan dala miliyan 17 don biyan bashin caca, aka yanke masa ɗaurin wata 57 a farkon 2025.

Ko za a sake ganin irinta?

Abin da ya biyo baya ya nuna tsadar sata. A wasa na biyu na World Series, ranar 26 ga Oktoba, 2024, Ohtani ya gurɗe a kafaɗar hagu yana ƙoƙarin satar zango na biyu. Ya daure ya ƙarasa gasar, Dodgers ta doke Yankees a wasa huɗu cikin biyar, sannan aka yi masa aiki a watan Nuwamba. A 2025 ya koma jifa a watan Yuni, ya buga homran 55, ɗaya fiye da na shekarar da ta gabata, amma satarsa ta sauka zuwa 20. Muddin yana hawa tudun jifa, Dodgers ba ta da dalilin barinsa ya rinƙa zamewa a ƙasa sau sittin a shekara, don haka idan za a sake haɗa 50 da 50, ya fi yiwuwa ta fito daga wani matashi mai ƙarfi da sauri wanda ke kan jerin masu bugu, wanda lafiyarsa ta kai shi ƙarshen kaka, kuma ƙungiyarsa ta yarda ta ɗauki kasadar barinsa ya yi gudu.